Ƙafafun da Ba Sa Kumbura

Mai Keke kowa ke ce masa, har likitoci. Rayuwarsa duk a gindin wata bishiya ya yi ta, a bakin titin kasuwa, da famfo da sifana da bahon ruwan da yake tsoma taya ya ga inda iska ke fita. Da bahon nan ya riƙe gida, da shi autarsa ta gama jami'a. Dogo ne siriri, ƙafafunsa kamar sille. Idan aka tsokane shi sai ya ce, "Ƙafar mai nema ce, ba ta ajiye abin da ba nata ba."

Da ƙodarsa ta gaza, Auta ce ke kai shi wankin ƙoda, tunda ba ta samu aiki ba tukuna. Ɗakin wankin yana can ƙarshen baranda, injuna jere a jikin bango, da dogon benci a waje. Masu zuwa rana ɗaya sun zama kamar 'yan gida ɗaya. Akwai Direba, mai ƙaton ciki da baki kamar reza. Akwai Malama, tsohuwar malamar firamare, kullum da zaren saƙa a hannu. Ranar da Mai Keke ya gyara keken tura marasa lafiya da ya daɗe a yashe, ranar suka naɗa shi Shugaba.

Kowane wanki yana cin matata ɗaya, wata roba ce da jini ke bi ta cikinta, a yi amfani da ita a jefar. Daga ƙasar waje ake kawo ta. Wata safiya Sista, babbar nas ɗin ɗakin, ta fito ta ce kayan sun maƙale a tashar jiragen ruwa, abin da ya rage a sito ba zai ishi kowa ba. Ruwan gwajin jini ma yana cikin kayan da suka maƙale, don haka ba yadda za a auna wanda ya fi matsuwa. Za ta riƙa bin layi kawai.

"Layi?" in ji Direba. "Sista, ciwon nan ya san layi?"

Mai Keke ne ya kawo shawara. Kowa ya naɗe ƙafar wandonsa, a danna masa babban yatsa a ƙwauri. Wanda ramin ya fi daɗewa bai cike ba, shi ruwa ya fi yi wa yawa, shi zai shiga. Malama ta danna wa mata. Sista ta amince, ba ta da abin da ya fi wannan a hannu.

"Shugaba, danna a hankali mana," in ji Direba, "ba tayar babur ba ce."

"Tayar babur ta fi ka jin magana."

Idan aka zo kan Mai Keke kuwa, yatsa ba ya barin ko alama. Sai Direba ya ce, "Ji ƙafa kamar ta ɗan ƙwallo! Kai da sauranka, Shugaba." A yi dariya, Auta ta riƙo hannunsa su koma gida, ranta fari ƙal wai mahaifinta ya fi kowa sauƙi.

Kullum ana cewa motar kayan na hanya. Mai Keke ya daina iya kwanciya, sai dai ya jingina da bango. Daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ya tsaya ya huta.

"Baba, gobe kai za ka shiga," in ji Auta.

"Ni fa na kawo tsarin nan. In na karya shi ranar da ya zo kaina, wa zai sake naɗe wando?" Ya miƙo mata ƙafa. "Danna ki gani."

Ta danna da ƙarfinta. Babu rami. Ta yarda.

Washegari matata ɗaya Sista ta fito da ita. Ƙwaurin Direba ya loɓa kamar ƙullun fulawa, shi ya shiga. Auta ta zauna kusa da mahaifinta tana jira ya huta su tafi. Sai ta ji wani sauti yana fitowa daga ƙirjinsa, ƙasa-ƙasa. Ta san sautin tun tana ƙarama: irin wanda taya mai huda ke yi idan an tsoma ta a baho.

Ta ƙwalla wa Sista kira. Sista ta ɗora masa abin sauraron ƙirji, fuskarta ta sauya.

"Ruwan a huhu yake. Wasu a ƙafa yake taru musu, wasu a ƙirji."

Direba ya jiyo daga kan gado. "Ku cire min! Wallahi ku cire ku sa masa!"

"Jininka ya riga ya shiga cikinta," in ji Sista. "Ba za ta yi wa wani ba."

Aka buga waya sauran asibitoci. Duk jirgi ɗaya suke jira. Mai Keke ya cika kafin la'asar, a zaune, yana jingine da kafaɗar 'yarsa.

Bayan an share makoki Auta ta koma ɗauko takalmansa da aka manta a ƙarƙashin benci. Ta tarar da kwalaye jibge a baranda, ana ta shiga da su sito. Motar ta iso. Mutanen suna zaune, ba wanda ya naɗe wando.

Malama ta matsa. "Zauna, 'yata."

Direba bai iya ɗago kai ba. Can ya ce, "Ni ne kullum nake ce masa da sauransa."

Auta ta sunkuya ta jawo takalman, ta ɗora su a cinya.

"Ni ma na danna, Kawu," ta ce. "Da hannuna na danna."