Amfilifayar Masallacinmu da Shirun Yaya Hashimu

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Hashimu mai gyaran rediyo a kasuwar Makarfi. Ni ƙanensa ne, malamin firamare a Kudan, kuma har yau akwai maganar da nake jin kunyarta game da shi.

Yaya mutum ne da ba ya yarda da abin da aka rubuta a jikin kwali. Kome aka kawo masa sai ya kwance murfi ya gani da idonsa, ya ce gani ya kori ji. Shi ya sa idan na ga amfilifayoyin yanzu, masu walƙiya da fitilu kala-kala, an manne su da gam babu ko ƙusa ɗaya ta kwancewa, sai in ce da yana raye da ya kira su kyan ɗan maciji. Da ya tambaya, me suke ɓoyewa a ciki?

Shekara biyu kafin rasuwarsa wani mai hali ya ba masallacin ƙauyenmu, can wajen Paki, sabuwar amfilifaya. Yaya ne ya haɗa ta da lasifika biyu. Ba a yi wata ba ta ƙone. Ya gyara, ta sake ƙonewa. Nan gulma ta tashi: wai ya cire kayan cikinta masu kyau ya sa tsofaffi. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma ni ma na yi zaton. Na daina zuwa shagonsa ranar kasuwa, shi kuma bai taɓa tambayata dalili ba.

Wata Juma'a bayan an sauko, ya roƙi Liman a buɗe amfilifayar a gaban dattawa. Ya ce, “Allah gafarta Malam, injin ƙara sauti biyu ne a cikin akwatin nan, kuma hanyar haɗa su biyu ce. Akwai paralel, kamar shanun huɗa a karkiya ɗaya, gaba ɗaya suke ja, don haka suna ɗaukar lasifika da yawa. Akwai balans, kamar mutum biyu da zarto, wannan na turawa wancan na ja. Ita ta fi ƙara, amma ba ta son kaya ya yi mata yawa, kuma duk wayoyinta biyu wuta ce. Idan ɗaya ta taɓa ƙarfe, shi ke nan. Wannan balans ce.”

Daga nan ya kai su bayan masallaci. Lasifika biyar ne a sama, ba biyu ba, an kuma naɗe baƙar wayarsu tsirara a jikin turken ƙarfe. Liman ya ce, “To wa ya yi wannan aiki?” Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, “Gyara na zo yi, Malam.” Ya sake haɗin ya koma paralel, tun daga ranar ba ta ƙara ƙonewa ba.

Sai dai shirunsa bai wanke shi ba. Wasu suka ce ai shi ya ƙara lasifikokin, shi ya sa ya kasa faɗin suna. An fara kai rediyo Ikara maimakon a kawo masa. Da wannan tabon ya koma ga Mahaliccinsa.

Ranar sadakar uku, Baba Ladan, tsohon da ya fi shekara talatin yana kiran salla a garinmu, ya ja ni gefe yana hawaye. Ya ce, “Malam Isa, ni ne. Mutanen ruga suka ce ba sa jin kira, na ɗauko tsofaffin lasifikoki na ɗaura. Hashimu ya gane ƙullin hannuna. Cewa ya yi in yi shiru, wai shi yana da sana'a a hannu, ni kuwa in aka karɓe makirfon me ya rage mini?”

Na nemi Baba Ladan ya faɗa wa dattawa, ya faɗa. Suka yi ta salati, kowa na cewa shi dama bai taɓa yarda da zancen ba. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Har gobe ban san bakin da ya fara furta maganar ba, ko da yake akwai waɗanda nake yi wa kallo biyu. Amma wa zan tuhuma, ni da muka sha nono ɗaya na riga su juya masa baya?

Yaya bai bar gida mai bene ba, shagonsa ma yanzu cajin waya ake yi a ciki. Abin da ya bari shi ne tsoho ya ƙarasa kwanakinsa yana kiran salla da mutuncinsa. Ni kuwa ya bar ni da gafarar da ban roƙa ba sai da ƙasa ta rufe idonsa. Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya sa ka yafe mini.