Motar da Ban Tuƙa a Makka Ba

A Makka na koyi wata amsa da ba a musu da ita. Ka tambayi tela ɗinkinka, ya ce bayan Hajji. Ka kira mai gidan haya kan famfo ya lalace, ya ce bayan Hajji. Ɗaurin aure, ziyarar Madina, har sulhun maƙwabtan da suka yi cacar baki kan wurin ajiye mota, duk can ake tura su, kuma babu mai jin haushi. Dattijon da ke da kanti a bakin layinmu a Tandabawi ba ya ko ɗaga kai idan ka wuce shi da bashinsa a waɗannan watannin. Ya san kana cikin hidimar baƙin Allah, ya san za ka dawo.

Mijina mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, wadda a can kowa ke kira mukayyif. A wani otal na unguwar Jarwal yake aiki, kuma tsohuwar motarsa ita ce ƙafarsa, ita ce shagonsa. Kujerar baya cike take da tukunyar gas da igiyoyin wuta, sai an kwashe su kafin ni da yaranmu mu sami wurin zama. Idan Hajji ya matso, akan kwashe ma'aikatan su koma Mina su kula da na'urorin tantuna, can suke kwana. Sai ya lulluɓe motar da tampol a gindin bango, ya ɗora duwatsu a gefe, ya tafi.

Inshorar motar kuwa ba a dunƙule yake biya ba. Wani kamfanin ba da lamuni ne ya biya masa ta shekara, shi kuma yana mayar musu kaso-kaso duk wata. A waccan shekarar lokacin biyan ya faɗo yana Mina. Saƙo ya shigo wayarsa, ya karanta, ya mayar da ita aljihu. Wani ya sake shigowa. Da ya leƙo gida ya ɗauki kayan sawa na ga saƙon na tambaye shi, ya yi dariya.

"Motar da take kwance a ƙarƙashin tampol, wa za ta buge? Su ma mutanen garin nan ne, sun san musim ake ciki, lokacin alhazai. Bayan Hajji."

Ni ma ban ga aibu ba, don da ni ce haka zan yi. Da alhazai suka watse ya dawo gida baƙi wuluk, ya yi barcin gajiya, ya je ya biya har da ɗan abin da suka ɗora a kai. Muka manta.

Ba a daɗe ba aka yi sanarwar cewa mata za su fara tuƙi. Ina yanka albasa na ji, na tsaya da wuƙa a hannu. Ni mace ce mai yawan mafarkin ido biyu, mahaifiyata ta sha faɗa a kan haka tun ina yarinya a Katsina, amma wannan mafarkin ya kama ni kamun da ban taɓa ji ba. Na gaji da jiran a kai ni. Na gaji da ƙirga wa kaina abin da ya isa in roƙi alfarma a kansa da abin da bai isa ba. Da mijina ya shigo ban bari ya cire takalmi ba na ce ina son mota. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "To, Hajiya direba." Amma washegari shi ya fara tambayar yadda ake ɗaukar ƙaramar mota da biyan wata-wata, don tasa ba ta rabuwa da shi ko na yini guda.

Na sa sunana a makarantar koyon tuƙi, layi kuwa dogo ne. Kafin ya zo kaina, ranakun Juma'a bayan la'asar sai mu kwashe kayan aikin mu tafi Muzdalifa. Wanda ya san wurin a daren da alhazai ke kwana ba zai gane shi a sauran shekara ba. Tituna ne faffaɗa shimfiɗe, babu kowa a kansu. Fitilu a jere a kashe, famfuna a jere babu mai alwala, duwatsu baƙaƙe suna kewaye da filin. Can nesa za ka hango wani iyali sun shimfiɗa darduma suna shan shayi, tattabaru suna tafiya a tsakiyar kwalta kamar tasu ce. A nan yake sauka ya ba ni sitiyari. Yaran suna baya suna ihu da Larabci in rage gudu, alhali tafiyar ba ta fi ta mai keke ba.

Rana tana karkata, hasken ya koma ruwan zuma, sai in ji kamar ba ni ke tuƙi ba, titin ne ke zuwa wurina. A raina na riga na kai yara makaranta na dawo. Na ɗauki maƙwabciyata mai ciwon gwiwa na kai ta asibiti ba tare da mun tsaya a rana muna ɗaga hannu ba. Na kama hanyar Jidda ni kaɗai, gilashi a sauke, na je na kalli teku na dawo ban gaya wa kowa ba. Sai in ji muryarsa yana cewa, "Birki, baiwar Allah, birki," in farka in ga saura ƙiris in hau dakali.

Motar da na zaɓa ƙarama ce, tana wani wurin sayar da motoci a hanyar fita gari. Ranar da muka je cike takardu na sa sabuwar abaya, har turare na fesa kamar mai zuwa biki. Wanda ya karɓe mu wani magidanci ne haifaffen Makka, iyayensa mutanen Damagaram, Hausarsa rabi da rabi. Ya karɓi igamar mijina, wato katin zamansa, da takardar albashi, ya ba mu gahawa, ya juya ga kwamfutarsa. Na ga fuskarsa ta sauya kafin ya yi magana.

"Ya ammi, ma'alesh. Akwai ta'ahir a sunanka. Wani kaso ka jinkirta, na inshorar mota."

"Ai na biya," in ji mijina. "Tuni. Har da tara."

"Sahih, ga shi an rubuta ka biya. Amma an rubuta ka makara. Duk mai ba da lamuni wuri ɗaya yake kai labarin mutane, banki ma can yake dubawa. Da albashinka babba ne da sun kau da kai. Amma albashi ƙarami, ga ka baƙo, ga wannan, wallahi nizam, tsarin kwamfutar nan, ba zai wuce da shi ba."

"Lokacin Hajji ne fa. Ina Mina."

Mutumin ya buɗe hannuwa. Ya ce shi ya sani, shi ma ɗan garin ne, amma abin da ke cikin kwamfutar ba shi da musim. Ya ce mu ci gaba da biyan komai a kan lokaci, idan an jima tabon zai yi sauƙi, shi da kansa zai kira mu. Tsawon wane lokaci, ya ce ba zai yi mana ƙarya ba.

Muka kamo hanyar gida. Na so in yi faɗa, amma na kalli hannunsa a kan sitiyari duk tabon ƙuna da yankan ƙarfe, na haɗiye. Mutumin da bai taɓa cin kwabon kowa ba, ga shi an ajiye sunansa cikin masu makara. Na ji tausayinsa, na ji tausayin kaina, kuma ba zan ɓoye ba, na kaina ya fi yawa a ranar.

Muka shiga jira. Ya koma biyan kowane kaso tun kafin saƙo ya zo. Mata suka fara fitowa kan titi, ina tsaye a bakin hanya da ledar cefane ina bin su da kallo, wata ma da alama ba ta kai ni iyawa ba. Na cinye jarrabawar tuƙi, lasisin yana cikin jakata tare da katin asibiti. A wannan tsakanin ne kuɗin da ake biya kan kowane mutum da baƙo ya ajiye a gidansa ya yi ta hawa, iyalai a layinmu suka fara ɗaure kaya ɗaya bayan ɗaya. Mun yi ta lissafi muna juyawa, ƙarshe dai aka tsaya a kan ni da yara mu koma Katsina, shi ya zauna ya ci gaba da aiki.

Wata rana da hantsi ina bakin titi a Katsina, ina jiran ɗan adaidaita zan je kasuwa, wayata ta yi ƙara. Shi ne. Bayan gaisuwa ya ce mutumin nan mai sayar da motoci ya cika alkawari, ya kira shi. Sunansa ya wanku, ko yau yake so ya zo ya ɗauki mota.

Na ce, "Barka. Sai ka gode masa."

Ya ce ai ya je da kansa ya gode masa. Irin motar tana nan, har an buɗe masa ya shiga.

"To me ka yi a ciki, tunda ba saye za ka yi ba?"

"Babu komai," in ji shi. "Na dai matso da kujerar gaba, daidai tsawonki. Na ɗan zauna, gwiwata tana tokarar sitiyari. Sai na fito na bar ta a haka."

Ɗan adaidaita ya tsaya a gabana yana tambayar ina za ni. Ina nan riƙe da waya a kunne, ya gaji ya ja kekensa ya tafi.