Mai Cin Iyakar Gona

Na gaji da labarin da nake rubutawa, mugun da ke cikinsa ya ƙi zama mutum. Yau ƙamshin ɗanyar gyaɗa a tashar Tsanyawa ya tuno mini da marigayiya kakata.

Wata rana tana ɓarar gyaɗa, na karanta mata labarina na wani mai cin iyakar gona. Ko kai ba ta ɗago ba.

"Baki nawa yake ciyarwa?"

"Inna, mugu ne kawai."

"Kai dai ba ka shiga gidansa ba. Haka kawai mutum zai tumɓuke gambar iyaka? Je ka leƙa rumbunsa."

Ko mugun cikin takarda sai ta nema masa uzuri. Ya Allah, ga ta nan gabanka, ka yi mata irin uzurin da ta yi wa bayinka.