Babban Yatsan Kafinta

Yara biyar ne ke jira a bencin likitan haƙori, uku daga cikinsu haƙoran sama sun yi gaba sun bar na ƙasa. Mai ba da kati ta saba ganin haka kullum. Mutumin da ke ƙarshen benci ne ya tsaya mata a rai.

Da gani kafinta ne, ga garin katako a girarsa, ga guntun fensir a bayan kunne. Ya ɗosana a bakin benci kamar mai shirin gudu, gumi yana tsattsafo masa duk da fanka na juyawa. 'Yarsa ba ta wuce shekara tara ba, ta rufe baki da hannu.

Da layi ya zo kansu, sai ya matso ya rage murya.

"Baiwar Allah, haƙorin da ya fito bayan famfara, in ya faɗi wani na fitowa?"

"Faɗuwa ta yi?"

Ya girgiza kai. "Tsokanarta ake yi a makaranta saboda haƙoranta sun yi gaba. Shi ne kullum da safe nake danna mata su ciki da babban yatsa, yadda nake miƙar da katako. Shekara guda ke nan. Jiya na ji ɗaya yana girgiɗa."

Kafin mai kati ta ce uffan, yarinyar ta sauke hannu, ta ɗaga masa baki kamar yadda ta saba.

"Baba, yau ba ka danna ba."

Ya dunƙule babban yatsan a tafin hannunsa, ya cusa a aljihu.