Kunun kanwa da ya kusa kai ni kushewa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe rabona da rubutu a nan. Abin da zan faɗa yau kuwa ya fi shekara arba'in ina haɗiye shi, na gaji.

Haihuwata ta fari ce, farkon shekarun 1980, a ƙauyenmu da ke ƙasar Karofane. Maigidana yana Abijan cin rani. Mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama, don haka ƙanwar babana, Gwaggo Tabawa, ita ta riƙe ni wankan jego.

Wankan ruwan zafi safe da yamma, sai kunun kanwa. Gwaggo ba ta auna kanwa, da tafin hannu take zubawa. Ta cika ƙwarya, ta tsaya a kaina sai ta ga na shanye tas. Wai shi ke kawo nono, ya kori sanyi.

Tun ranar farko bakina ya ƙi shi. Cikina yana cewa ya isa, ni kuma ina rufe ido ina kwankwaɗa, don in huta da hararar Gwaggo.

Bayan suna ƙafafuna suka kumbura. Zobe ya ƙi fita daga yatsa. Fuska ta cika. Mata masu zuwa barka suna ta yabo: "Tabawa, kin iya jego. Dibi ɗiyag ga yadda tay yi kyawo."

Ina mutuwa, ana yi mini murnar ƙiba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Sai numfashi ya fara gagara. Kwanciya ta fi ƙarfina, sai dai in zauna in jingina da bango. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai na tsaya na huta.

Na ce, "Gwaggo, kunun ga shina cuta ta."

Ta ce, "Mi kis sani? Sanyi na yas shige ki. Mu da munka haihu goma, da shi munka tashi."

Ta ƙara kanwa.

Ranar kasuwa yayana Illa ya biyo ya gaishe ni. Ya danna yatsa a ƙaurina, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Bai nemi izinin kowa ba, ya ɗora ni a amalanken jaki zuwa bakin hanya. Gwaggo tana biye tana faɗa, wai ba a fitar da mai jego kafin arba'in. Daga nan mota ta kai mu asibiti a Madawa.

Aka auna tansiyo, wato hawan jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka yi ta yi mini allurar da ke sa fitsari. Kullum da safe sai an ɗora ni a ma'auni. Illa ya sayar da tumakinsa ya sayi magani. Jaririna Sani yana gida hannun matar Illa, ni kuma ina kallon rufin ɗaki ina tunanin wa zai riƙe shi in na tafi.

Likita ya ce, "Wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Zuciyarki ta gaji. Kanwa da gishiri, ko ƙanƙani kada ki ƙara."

Tuwo ba gishiri. Kwanakin farko da hawaye na ci shi. Wata ma'aikaciyar jinya ta zauna bakin gadona ta ce, "Ci sannu, ɗiyata. Tauna. Ba wanda ka korakki."

A wannan gado na fara sanin cewa gero yana da zaƙinsa na kansa. Ashe duk rayuwata haɗiya nake yi, ba ci ba. Na koyi ajiye hannu in na ƙoshi, na koyi cewa a'a ko wa ya dafa.

Kumburi ya saɓe, numfashi ya dawo. Amma ranar sallama likita ya gaya mini gaskiya: wani cikin zai iya tafiya da ni. A kan Sani haihuwata ta tsaya. Na sha gori a gidan biki da bakin rijiya. Gwaggo kuwa har ta koma ga Allah tana cewa katse jegon da aka yi ne ya tsayar mini da haihuwa. Na san ƙauna ce ta sa ta. Allah ya jiƙanta, amma ban daina jin haushi ba.

Alhamdulillahi da ya bar ni da rai. Illa da matarsa, Allah ya saka muku da aljanna.

Masu jego, ku ci a natse, ku saurari jikinku. In ƙafa ta kumbura, ko kwanciya ta hana numfashi, ku tafi asibiti a ranar, kada ku jira arba'in. Ku kuma iyaye, in yarinya ta ture ƙwarya ta ce ya isa, ku tambaye ta dalili kafin ku harare ta.

Ni na faɗa sau ɗaya, aka ce ban san komai ba, na yi shiru don kunya. Shirun nan shi ya hana Sani samun ƙane.