Durƙusau Ya San Ciyawa da Ciyawa

Gari na wayewa za ka gan shi ya turo kekensa, buhu ɗaure a baya. Cikin buhun akwai almakashi da wata tsohuwar sukundireba wadda ƙotarta ta fashe ya naɗe da roba. Da ya shiga gida sai ya tuɓe takalmi ya taka filin daga wannan kusurwa zuwa waccan, tafin ƙafarsa ya gaya masa inda ƙasa ta yi tauri da inda ruwa ke kwanciya. Sannan ya shimfiɗa buhun ya durƙusa. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan a gidajen layinmu, har aka laƙaba masa Durƙusau. Da dariya ake kiran sunan. Wasu ma ko sunan ba sa kira, sai dai su zuge gilashin mota su ce, "Kai mai ciyawa, matsar da keken nan."

Yanzu gwiwoyin sun ƙi. Likita ya hana shi durƙuso, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Na duba na ga ba wanda ke shirin buɗe baki ya gode masa, ga kuma wata magana da aka yi a gabana da ta tsaya mini a wuya.

Yayana Alhaji, Allah ya jiƙansa, da hannunsa ya dasa kirikiri a gaban gidansa, irin ciyawar nan mai laushi da ke shimfiɗuwa kamar darduma. Ko wata biyu bai yi a ƙasa ba, babban ɗansa da ake ce wa Injiniya ya sallami Durƙusau, wai me za a yi da mai lambu a gidan da tsohuwa kaɗai ta rage. Damina biyu ba wanda ya kalli filin. Ƙarangiya ta shigo, tsidau ya baza ƙayarsa, aya-aya ta cinye sauran. Hajiya, matar yayan nawa, tana da ciwon suga, kuma a kan filin nan take zagayenta na safe ba takalmi. Ƙayar tsidau ɗaya ta soke ta, sai da ƙafar ta yi wata biyu tana ruwa. Daga nan ta koma zaman bakin taga.

Injiniya ya ga abin kunya ya yi yawa, ya sayo maganin ciyawa ya feshe filin kaf. Cikin mako guda komai ya ƙone. Wata bai cika ba aya-aya ta dawo kore shar, kirikirin ubansa kuwa ko alama. Sai ya yanke hukunci: a zuba kankare kowa ya huta. Har tifar yashi aka juye a ƙofar gida.

Hajiya ta aika aka kira ni. Ta ce, "Baffan yara, abin da yayanka ya taɓa da hannunsa, filin nan ne ya rage mini. In suka rufe shi, sun binne shi sau biyu."

Na je na ɗauko Durƙusau. Ba ƙorafi, ba tuna baya, ya biyo ni. Injiniya na tsaye da makullin mota a yatsa, ya ce, "Baba, ciyawa ce fa. Na sa mata maganin ciyawa, ga abin da na samu."

Durƙusau ya juya kwalbar a hannunsa ya ce, "Ranka ya daɗe, maganin bai ci amanarka ba. Ciyawa ka ce masa, ya kashe ciyawa. Shi ina ya san ta Alhaji da ta baƙi?" Ya soka sukundireba ya tono aya-aya ɗaya da jijiyarta, 'ya'yanta rataye kamar carbi. "Wannan ganye kawai ka ƙona mata, 'ya'yan suna ƙasa suna yi maka dariya." Sai ya rarrafa bayan famfo inda feshin bai kai ba, ya nuna wani ɗan kore da bai fi tafin hannu ba. "Ga ta Alhaji nan da ranta."

"Wata biyu," in ji Injiniya. "In ban ga kore ba, masu kankare za su shigo."

Abin da ya biyo baya da idona na gani, telan da ke tsallaken titi ma shaida ne. Da yamma Durƙusau ya jiƙa ƙasa, da safe ya bi aya-aya ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen jijiya, don in ka fizge ta ta tsinke, guda ɗaya biyar za ta haifa. Ya roƙi tsohon bargo wurin Hajiya ya riƙa jansa a ƙasa, ƙayar tsidau da ƙarangiya na maƙalewa, ya kai shi bayan gidan ya kakkaɓe a wuta. Ya huda ƙasar da ta daskare ta sha iska. Yashin kankaren nan kuwa, da izinin Hajiya, kullum sai ya ɗebi baro guda ya gauraya da taki ya cike ramuka. Sannan ya riƙa yanko kirikirin bayan famfo tsawon yatsa yana dasawa, taƙi guda tsakani. Tela ya ce sau biyu yana ganinsa ya kasa miƙewa, sai da ya dafa keke.

Da ciyawar ta fara haɗe kai, Injiniya ya biyo ya ce a aske ta ƙasa-ƙasa ta yi kyan gani. Durƙusau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba wanzami ba ne. In na yi mata ƙwalkwabo rana za ta ga ƙasa, baƙin su dawo."

Ranar da wa'adin ya cika, Injiniya ya zo da abokansa. Suka hau filin da takalmansu suna ɗaukar hoto. Wani ya ce wa ya yi wannan aiki? Ɗan yayana ya buɗe baki ya ce, "Ai bana damina ta yi kyau, ruwa ne ya gyara shi." Mutumin da ya yi aikin na durƙushe taku uku daga ƙafarsa.

Na ce, "Damina biyun da suka wuce, tafasasshen ruwa aka yi?"

Ya yi dariya ya ce, "Baffa ke nan." Shi ke nan godiyar. Da na yi wa Durƙusau maganar daga baya, cewa ya yi, "Ai bai yi ƙarya ba, ruwan ya taimaka." Wannan ya fi ƙona mini rai.

To ni zan faɗa. Kai ne ka tashi filin nan, Durƙusau. Kai ne ka ga rai a tafin hannu guda inda mai digiri ya ga wurin zuba siminti. An kore ka daga gida, aka neme ka ranar kunya, ka dawo ba ka tambayi kowa dalili ba. Gwiwar da ta rage maka a nan ka ƙarar da ita. Yau da safe na wuce na ga Hajiya tana zagayenta, takalmanta ajiye a bakin baranda, ragowar yashin kuma yara na wasa a kai. Na gode. Allah ya ba gwiwoyinka sauƙi, ya saka maka da abin da mu muka kasa.

Ku kuma 'yan layinmu masu son komai da feshi ɗaya, ku je ku koya tun yana da bakin gaya muku wacce ake tonewa, wacce ake bari. Shekara talatin ya yi a durƙushe cikin gidajenku. Ranar da kuka hango shi tafe da sanda, ku kashe motar, ku fito, ku ma gwiwarku ta taɓa ƙasa sau ɗaya.