Kafin Allurar Yaya Ta Narke

Mu uku Inna ta haifa a Fakku, duka mata, kuma kowaccenmu wanzami ya yi mata tsaga a kumatu tun tana jaririya. Tawa gajera ce, ta autarmu da ƙyar ake ganinta, amma ta Yaya, babbarmu, doguwa ce mai zurfi. Muna yara mukan tsokane ta cewa da garma aka yi mata, ta bi mu da gudu har bayan rumbu.

Yaya ta daɗe tana aikin ofis a Abuja. Shekarar da ta zo hutu da fuska sumul, na tsaya a ƙofar gidana na Tambuwal ina kallonta kamar mai tambayar hanya. Ta ce wani likitan fata ne ya yi mata allura, ya ɗura wani abu mai yauƙi a ƙarƙashin tsagar har ta cike. Ni da nake aikin lafiya a ƙaramar hukuma, allurar rigakafi na sani, ta gyaran kumatu ban taɓa jin labarinta ba. Na ji haushi, kuma ban ɓoye ba. Ta ce in kwantar da hankalina, abin ba ya dawwama, jiki ne ke shanye shi sannu a hankali, shi ya sa ake komawa a ƙara. Ita damuwarta ma likitocin ba su iya faɗin lokacin da zai narke, na wani ya daɗe, na wani ya tafi da wuri.

A lokacin idon Inna ya riga ya tafi, kunnenta ya yi nauyi, tunaninta ma yana zuwa yana komawa. Da hannu take gane mu. Muka shiga mota zuwa Kebbe, daga nan babur ya ƙarasa da mu wurinta a Fakku. Inna ta shafa fuskata ta kira sunana. Ta shafa ta Yaya, ta sake shafawa.

"Wagga baƙuwa daga ina?"

Yaya ta kai baki kunnenta. "Ni ta, Inna, ɗiyakki."

"A'a, ɗiyata na da tsaga. Amma zamna, baƙuwa, a dama miki fura."

Yaya 'yar fari ce, kuma a wurinmu uwa tana jin nauyin ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta hira da shi, ba ta jawo shi jikinta a gaban mutane. A ɗakin kakarmu Yaya ta tashi. Na tuna mu ƙanana muna kwance a cinyar Inna tana yi mana kitso, Yaya tana tsaye daga nesa tana wasa da gefen zanenta. Ban taɓa tunanin abin yana yi mata ciwo ba.

To, sai ga Inna ta riƙe hannun baƙuwa ta buɗe hira. Ta ba ta labarin babbar ɗiyarta, yadda ita Inna takan laɓe a jikin zana ta bi ta da kallo in za ta makaranta, yadda takan ware mata tsoka ta aika ta hannun kaka don kada a ce ita ta bayar. Yaya ta sunkuyar da kai tana saurare.

Da na koma aiki na yi tambaya, aka ce akwai wata allura da ke narkar da abin cikin ɗan lokaci. Na matsa wa Yaya mu je.

"Bar shi tukuna," in ji ta. "Ina jin abin da ban taɓa ji ba. Tsorona ɗai, kada ta tafi ba ta san na zo ba."

Ba ta je an narkar ba, ba ta kuma koma an ƙara ba. Duk ƙarshen wata sai ta kamo hanyar nan mai nisa ta zo ta zauna a matsayin baƙuwa, Inna kuwa jikinta na ƙara raguwa. Ni nakan leƙa kumatun Yaya kamar mai duban tsiron gero, ina masifa a raina da abin da ya ƙi narkewa. Bayan girbi tsagar hagu ta fara fitowa, ta dama kuwa ta bar wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake.

Wani hantsi muna zaune a inuwa, Inna ta miƙa hannu fuskar Yaya yadda ta saba. Yatsanta ya faɗa cikin tsagar hagu, ya bi ta har ƙarshe, ya dawo ya sake bi. Sai ta janye hannun da sauri, ta ja mayafi, ta kawar da fuska gefe. Can ta laluba gwiwata.

"Ki ce ma waccan ta ci abinci kafin ta koma."

Daga ranar Inna ba ta ƙara yin hira da ita ba har Allah ya karɓi ranta. Amma a wurin nan Yaya ta dube ni, hawaye na bin tsagar, ta ce a hankali, "Ta gane ni."